Irin da Mus'ab Bai Ware Ba

A unguwarmu a Funtua akwai wani saurayi, Mus'ab, wanda ba ya iya jiran magana ta kai ƙarshenta. Kana buɗe baki zai ce, "Na gane, na gane," alhali ko rabin abin da ka ɗauko ba ka sauke ba. Ba rashin kunya gare shi ba, kuma ba mugu ba ne, garaje ne kawai ya yi masa katutu. A shagon maganin gona yake aiki, can ma halin bai ƙyale shi ba. Manomi zai zo sayen maganin ciyawa, sai Mus'ab ya ba shi shawara ya haɗa da na ƙwari da takin ruwa a tanki ɗaya, wai a yi feshi sau ɗaya a huta. Mai shagon ya yi faɗa a kan wannan haɗin gambiza har ya gaji. Ni maƙwabcinsu ne, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma har yau in na tuna abin da garajen yaron nan ya jawo sai in ji raina ya ɓaci.

Wansa, Awaisu, manomi ne na gaske. Masara da waken suya yake yi a gonarsu ta hanyar Dandume, kuma da damina rana ba ta fito masa a gida. Wata rana yana dawowa da taki a kan babur, mota ta kwashe shi. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, amma ƙafafun suka daina aiki. Mutumin da ke zaga gona tun sassafe sai ga shi kwance a ɗakin da ke kusa da zaure, yana kallon rufi. Watannin farko ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Mahaifiyarsu, Inna Ladidi, takan kai masa abinci ta dawo da kwanon yadda ta kai shi.

Gaskiya dai a faɗe ta, Mus'ab ne ya samo abin da ya fara dawo da shi cikin mutane. Ya kawo wata tsohuwar laftof ta hannu, ya sa mata gem, irin wanda mutum ke ƙirƙirar jaruminsa da kansa ya shiga wata duniyar almara mai dodanni da matsafa da birane masu ganuwa. A farkon gem ɗin kai baƙo ne da jirgin ruwa ya sauke a gaɓa, ba ka da komai sai riga ɗaya da sanda. Awaisu ya fara taɓawa don kada ya gwale ƙaninsa. Da gem ɗin ya tambayi sunan baƙon, sai ya rubuta Maiwada.

Samarin da ke buga irin wannan gem farautar dodanni suke yi, su tara takubba, su zo majalisa suna cika baki. Awaisu bai bi ta nan ba. Fili ya samu a bakin wani kogi ya share, ya gina wa Maiwada gida dutse bayan dutse, ya haƙa rijiya, ya dasa itatuwa, ya sayi jaka ta ɗaukar kaya. Dodo sai in ya tare masa hanya yake kula shi. Gem ɗin yana da wata dabara, ka danna taswira ka tsinci kanka a wani gari nan take. Awaisu bai taɓa amfani da ita ba. Duk inda Maiwada za shi, da ƙafa yake zuwa, ya hau tudu, ya gangara kwari, ya tsallake rafi. Na taɓa tambayarsa dalili, na ce ai ɓata lokaci ne.

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai tafiyar ce abin."

Na ji kunyar tambayata, ban sake yin ta ba.

Sannu a hankali Maiwada ya zama ɗan gida. Inna Ladidi takan leƙa da kwano ta ce, "Halan Maiwada ya dawo daga kasuwa? To ka ce mashi ya bar ka ka ci tuwo." Awaisu ya yi dariya ya karɓa, ya kuma cinye. Fiye da shekara aka yi a haka. Duk wannan aiki, gidan da rijiyar da itatuwan da jakar, yana cikin abu ɗaya da masu gem ke kira sebin, wato ɗan fayil ɗin da ke riƙe da inda mutum ya tsaya da duk abin da ya tara. Awaisu bai san kan kwamfuta ba. Wuri ɗaya yake yin sebin kullum, sabo a kan tsoho.

Wata ranar damina ana tafka ruwa, Awaisu yana jingine da filo yana kallon tsakar gida ta ƙofa, sai ya ce, "Abu ɗaya na rasa a ƙasar Maiwada. Ba a damina. Tunda na shiga ban taɓa ganin hadari ya taso ba. Shi kansa Maiwada ba ya jin yunwa, ba ya gajiya, ruwa bai taɓa dukansa ba."

Ba ƙorafi yake yi ba, hira ce irin ta mai kewar gona. Amma Mus'ab, da ke zaune a gefensa, ya zabura kamar an tsikare shi.

"Yaya, ai akwai mod! Wasu ƙare-ƙare ne da masu gem ke haɗawa da kansu, a ɗora a kan gem ɗin. Akwai mai kawo ruwan sama, akwai mai sa mutum yunwa. In aka sa su, wallahi mantawa za ka yi gem kake bugawa, ji za ka yi kana ciki tsundum."

Awaisu ya girgiza kai. "A'a, bar shi yadda yake. Magana ce kawai na yi. Kar ka taɓa min shi, ka ji ko?"

"Na gane, Yaya."

Abin da ya gane shi ne Yaya yana so amma yana jin nauyin ya ɗora masa wahala. Daga ranar ya ƙudura zai yi masa ba-zata.

Yana da aboki a Malumfashi, Kamalu, mai gyaran waya da kwamfuta, wanda ya daɗe yana harkar mod. Mus'ab ya shiga mota ya same shi a shago. Kamalu ya cika masa filash da mod iri-iri: na ruwan sama da tsawa, na yunwa da ƙishirwa, na sanyi, na ambaliya, na kukan tsuntsaye da kwaɗi, na hayaƙin murhu. Yana miƙa masa filash ɗin ya riƙe gefe ɗaya bai saki ba.

"Tsaya ka ji. Kafin ka taɓa komai, ka ware iri tukuna, sannan..."

"Na gane."

"Ban gama ba, Mus'ab. In ka ware iri, sai ka..."

"Haba Kamalu, sai ka ce yau na fara riƙe kwamfuta? Na gane, wallahi."

A daidai nan wata mata ta shigo da wayarta da ta faɗa ruwa, tana ta salati. A bakin titi kuma kwandasta yana kiran Funtua, saura mutum ɗaya. Mus'ab ya fizge filash ya fita da gudu. Kamalu ya leƙo ya ɗaga murya, "Ɗaya-ɗaya ake sa su fa!" Amma ƙarar mota ta shanye maganar.

A hanya Mus'ab ya juya kalmar a ransa. Ware iri. Ai wannan aikinsa ne na kullum a shago, kowane irin kaya da kantarsa. Ya ɗauka Kamalu cewa ya yi ya rarraba mod ɗin iri-iri kafin ya zuba. Ba haka Kamalu yake nufi ba. Kiran waya ɗaya ya isa ya warware zancen, amma wanda ya riga ya gane ba ya kiran waya.

Ya jira ranar da aka ɗauki Awaisu a a-daidaita-sahu zuwa asibiti don gashin ƙafa, Inna ta raka shi. Suna fita ya ɗauko laftof. Ya buɗe folda-folda, ya sa na ruwa daban, na abinci daban, na sauti daban, har yana yaba wa kansa irin haƙurin da ya yi. Da ya gama warewa, sai ya kwashe su kaf ya antaya wa gem ɗin a tashi ɗaya. Gargaɗi ya yi ta fitowa da Turanci, akwati bayan akwati. Bai karanta ko ɗaya ba, dannawa kawai yake yi su wuce. Kuma maimakon ya fara sabon wasa ya gwada a kan baƙon da ba shi da abin asara, sai ya buɗe sebin ɗin Awaisu, don yana son ya ga ruwa a kan rufin gidan Maiwada.

Ya kuwa gani. Shi da bakinsa ya gaya min bai taɓa ganin abu mai kyau a allon kwamfuta kamar wannan ba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga bayan tsauni, iska ta kaɗa itatuwan bakin kogi, yayyafi ya fara sauka. Rigar Maiwada ta jiƙe ta manne masa a jiki. Jaka ta kaɗa kunnuwa ta matsa ƙarƙashin rumfa. Kwaɗi suka ɗauki kuka. Mus'ab ya miƙe tsaye yana tafi shi kaɗai a ɗaki, yana hango fuskar Yayansa. Don murna ya danna sebin, a kan wurin nan guda ɗaya tilo.

Ba a jima ba abubuwa suka fara rikicewa. Maiwada ya kama rawar sanyi, ga yunwa, ga ƙishirwa, duk a lokaci guda, ana ba shi abinci kamar ana zubawa a rami. Kogi ya cika ya haye filin, ya shiga gida. Mod biyu ne ke jan ruwan, kowanne da tsarinsa, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Can sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafar Maiwada, ya yi ta faɗawa cikin wani farin sarari, gem ɗin ya rufe kansa. Mus'ab ya sake buɗewa. Maiwada yana faɗawa, gem ya rufe.

A nan ne ya kamata ya ɗauke hannunsa ya kira Kamalu. Amma gumi ya riga ya karyo masa, kunnensa yana ƙofar gida. Ya goge mod ɗin duka, a ganinsa in an kwashe abin da ya kawo cutar an warke. Sai sebin ɗin ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya, don ya riga ya haɗiye abubuwan da aka cire, yana nemansu bai gani ba. Cikin ruɗewa Mus'ab ya cire gem ɗin ɗungurungum don ya sake sa shi sabo. Wani akwati ya fito yana tambaya ko a share har da fayilolin da aka ajiye. Ya danna, kamar yadda ya danna na baya.

Da la'asar Awaisu ya dawo a galabaice. Ana kwantar da shi ya ce, "Miƙo min laftof ɗin nan in leƙa gida."

Mus'ab ya ce batir ne ya samu matsala, gobe zai kai ta Malumfashi. Bai iya kallon idonsa ba da ya faɗa.

Washegari yana shagon Kamalu tun kafin a gama shara. Kamalu ya saurari labarin, ya ce, "Da sauƙi. Kawo irin."

"Wane iri?"

"Irin da na ce ka ware."

"Ai na ware su. Na ruwa daban, na abinci daban, na sauti..."

Kamalu ya ajiye sukudireba a hankali ya dube shi. "Iri, Mus'ab. Irin shuka. A gidanku in an yi girbin dawa, duka ake kaiwa niƙa? Ba sai an zaɓi zangarniya masu kyau an rataye su inda hannu ba ya kaiwa ba? Sebin ɗin Yaya na ce ka kwafa a filash ka ajiye gefe, in abu ya ɓaci a dawo da shi. Haka muke ce mashi mu a nan. Aikin da bai kai shan kofin ruwa ba."

Mus'ab ya nemi benci ya zauna. Shi ɗan gidan manoma, wanda ya tashi yana ganin iri a rataye a ɗakin Inna, kalmar ta zo masa ya ba ta fassarar shago.

Kamalu ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya rufe shago rabin yini yana laluben fayil ɗin a cikin laftof. Daga ƙarshe ya ce, "Da lokacin da Maiwada ya fara faɗawa ka tsaya, da akwai dabara. Ko bayan ka goge mod ɗin, da ka kawo min, da mun mayar da su mun gwada. Amma ka share, ka sake sa gem a kai, sabon ya taka tsohon. Babu abin da ya rage."

Ina ɗakin Awaisu da yamma, na je duba shi, lokacin da Mus'ab ya shigo. Ya durƙusa a bakin katifa ya faɗi komai, bai rage ba, har ƙaryar batir. Na zaci Awaisu zai yi faɗa. Da ma faɗan ya yi.

"Gidan fa?" ya tambaya.

"Ya tafi, Yaya."

"Jakar?"

"Komai, Yaya."

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Itatuwan nan sun fara 'ya'ya." Sannan ya dubi ƙaninsa. "Na ce ka bar shi, ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"To."

Ya juya fuskarsa bango. Ni da nake babba a ɗakin na buɗe baki zan ce ai wasa ne, a sake wani, sai na ji maganar ta yi min nauyi, na haɗiye ta. A tsakar gida Mus'ab yana kuka yana ce wa Inna don ya faranta masa ya yi, kuma ai shi ya kawo masa gem ɗin tun farko.

Inna ta ce, "Na sani kai ka kawo mashi. Amma tun ran da ka ba shi ya tashi daga naka. Mi ya hana ka tambaye shi?"

Mus'ab bai haƙura ba. Ya roƙi Kamalu ya zo Funtua, suka zauna suka yi aikin yadda ake yinsa: a sa mod ɗaya, a buɗe sabon wasa a gwada, a kwafi sebin a ajiye, sannan a ƙara wani. Waɗanda ba sa jituwa aka fitar da su. Wannan karon Mus'ab ya karanta kowane akwati, abin da bai fahimta ba ya tambaya. Aikin ya yi kyau, babu inda ya yi tuntuɓe. Da hantsi suka kai wa Awaisu, ni ma suka kira ni, wai ko zai fi jin nauyina.

Suka ɗora masa laftof a cinya. Ga gaɓar teku, ga jirgi yana juyawa, ga baƙo tsaye da riga ɗaya da sanda, ruwan sama yana dukansa. A ƙasa akwai ɗan akwati yana jiran a rubuta suna. Awaisu ya daɗe yana kallon ruwan. Na ga idonsa ya kawo ƙwalla.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Wallahi ya yi kyau. Haka hadarin gabas yake tasowa a gonarmu."

"Sa suna, Yaya," in ji Mus'ab. "Ni zan taya ka. Duwatsun ma ni zan ɗebo maka, mu gina wanda ya fi wancan."

Awaisu ya ɗora yatsunsa a kan madannai, ya ɗauke su bai rubuta komai ba.

"Mus'ab, ka san abin da ya sa na iya gina wancan? Lokacin ban san nisan hanyar ba. Yanzu na sani." Ya dafa katifar da yake kai. "Na fara daga babu a nan. Na je can na sake farawa daga babu. Ba ni da na uku a jikina."

Ya rufe laftof ɗin a hankali ya miƙa masa.

"Na yafe maka, har ga Allah. Ɗauke ta."

Mus'ab ya fito da ita rungume a ƙirji, ya tsaya a zaure ya rasa inda zai kai ta. Damina ta wuce, wata ta shigo, Awaisu bai sake tambayarta ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kyakkyawar niyya ba ta gyara abin da garaje ya ɓata, kuma yafiya ba ta dawo da abin da ya salwanta. In ana yi maka bayani, ka bari a kai ƙarshe, in kalma ta shige maka duhu ka tambaya. In za ka yi gyara a kan aikin da aka daɗe ana ginawa, na kwamfuta ne ko na wani abu, ka fara adana na asali, ka tafi da kaɗan-kaɗan, in ya rikice ka ɗauke hannunka ka nemi wanda ya sani. Sama da duka, kada ka taɓa kayan wani bayan ya ce ka bari, komai ƙanƙantarsa a idonka. Abin da kake gani wasa ne, wataƙila da shi wani yake tashi kowace safiya.